Shawarwarin majalisa ga mai son iyo da kunkurun teku

Ƙanena na shirin zuwa Zanzibar, ya ce sai ya shiga kogon Salaam da ke Kizimkazi, inda ake kula da kunkurun teku da aka ceto daga tarun masunta. Na kai maganar majalisarmu ta unguwar Mabera a Sakkwato bayan La'asar, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Baba Alhaji ya ce wanda ya koyi iyo a gulbin Rima kada ya ruɗu, ruwan kogon na gishiri ne, yana ƙaruwa yana raguwa tare da teku. A karɓi rigar kariya, a sa takalmin roba saboda duwatsun na da santsi da kaifi.

Wani malami da ya taɓa zuwa ya fi daɗewa kan dabbobin, kuma maganarsa ta shiga raina. Iska suke shaƙa, don haka kada a danne su ko a rungume su idan sun taso. Ciyawar teku ake ba su, a miƙa a janye yatsu, bakinsu na cizo. A bar mai da turare a masauki, ruwan gidansu ne.

A je da sassafe kafin cunkoso. Katin rigakafin cutar shawara kuma ya kasance cikin fasfo tun daga Sakkwato.