Taƙaitawa: Yadda Ya Dace a Tallata Binciken 'Yan Jarida Kan Ƙaura

Ga abin da na tattara daga doguwar muhawarar da aka yi kan wannan batu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa talla ta fi ratsa zuciya idan ta nuna abin da bincike ya haifar, maimakon ta tsaya yabon gidan jarida. Misalin da aka fi kawowa shi ne rahoton CNN na watan Nuwamba 2017, wanda ya nuna ana gwanjon 'yan ci-rani a Libiya kan dala 400, lamarin da ya sa aka gaggauta kwaso dubban 'yan Najeriya zuwa gida.

2. An amince a fifita rediyo, kuma da harshen masu sauraro.

3. An samu saɓani kan hotuna. Wasu na ganin sai an nuna jarkokin ruwa da aka yasar a cikin rairayin hanyar Dirku, garin da ke arewacin Nijar kan hanyar Libiya, kafin matasa su gaskata, wasu kuwa sun ce bayyana fuskar wanda ya dawo hannu rabbana tozarta shi ne a gaban danginsa. Ni dai ina tare da na biyun.

4. Batun mai biyan kuɗin talla ya fi jawo zafi. An tunatar da cewa dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar 'yan ci-rani, wadda Turai ta mara wa baya kuma aka soke a Nuwamba 2023, ta durƙusar da direbobin Agadas da dama, saboda haka duk tallar da aka ji ƙanshin kuɗin Turai a jikinta, mutanen garin za su ɗauke ta farfaganda.