Kuɗin "caution" a takardar haya: ana mayarwa kuwa?

Baƙon Kubwa: Salamu alaikum. An yi min canjin wurin aiki zuwa Abuja, na samu ɗaki a Kubwa, irin wanda suke kira self-contain, dubu 900 a shekara. Dillali ya turo takarda: agency kashi 10, legal kashi 10, caution dubu 100. A ƙasa an rubuta "refundable, fair wear and tear excepted". Ni dai a makaranta gargaɗi aka ce mana caution ke nufi. Gargaɗin me zan biya? Ya ba ni zuwa Juma'a. In biya ko in nemi wani?

Ɗan Fagge: Dubu 900 ɗaki ɗaya? Ka dawo Kano a ba ka gida har da rijiya.

Ticha: Agency la'adar dillali ce, legal kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya. Caution ajiya ce, in ka lalata wani abu a cire, refundable kuma na nufin za a mayar maka da ita. Wear and tear kuwa tsufan da kaya ke yi don kansu, kamar fenti ya koɗe ko famfo ya saki. Excepted na nufin ba a kanka yake ba. Ka duba da kyau, ba accepted ba ce.

Maman Ilham: Ticha, wannan Turancin littafi ne. Ni ma refundable aka rubuta min a Lugbe, dubu 150. Shekara uku na yi, na share gidan tas ranar tashi. Mai gida ya zo da ɗansa suna ƙirga ƙusoshin da na kafa labule. Fenti dubu 120, makulli dubu 20, sauran goman wai na kwashe shara. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata takwas ina kira, daga baya ya daina ɗauka. Rasit ma dillalin bai ba ni ba.

Ticha: To ai nan aka ci ki, Hajiya, rashin rasit.

Maman Ilham: Kai ka taɓa haya a Abuja? Wanda ke zaune a gidan gado ba zai koya min ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kalmar ba baƙuwa ba ce. A Faransanci caution daman kuɗin ajiyar haya ne, ba gargaɗi ba.

Na Landan: A Ingila deposit ake cewa. Tun 2019 doka ta hana dillalai cajin mai haya la'ada, ajiyar ma a yawancin gidaje ba ta wuce hayar mako biyar.

Ɗan Fagge: To mu koma Landan ɗin mana. Ni farkon zuwana Abuja da na ga TO LET a bango, na ɗauka TOILET ne, wato banɗaki, harafi ya goge, ashe gidan haya ake nufi.

Injiniya: Legal kashi 5 na biya a Kubwan, caution dubu 50. Ana ragi, ka taya.

Maman Ilham: Wace shekara? Ƙanwata bana kashi 15 aka karɓa a hannunta.

Injiniya: Ku bar ma wannan. Ka tambayi mita tukuna. Na shiga gida na tarar da bashin wuta na wanda ya tashi, duk katin da na saya sai an zaftare. Shekara guda ina biyan wutar da ban sha ba.

Baƙon Kubwa: Mitar ɗaya ce, mu shida za mu raba. Yanzu dillalin ya kira, wai akwai service charge da ya manta bai rubuta ba. Wannan kuma mene ne?