Shin akwai haɗari a nutso tare da zakunan teku?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Na kammala koyon nutso da tukunyar iska, kuma ina shirin shiga ruwan Monterey da ke Kalifoniya, inda zakunan teku, wato wasu manyan dabbobin teku masu shayarwa, ke yawo a tsakanin duwatsu da dogayen ciyayin ƙarƙashin ruwa. Shin suna kai wa mutum hari? Wane shiri ya kamata in yi?

Tsohon_Mai_Nutso:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙananansu ne za su fara zuwa gare ka, domin suna da son wasa ƙwarai. Na taɓa durƙusawa a kan yashi, sai wani ƙarami ya tsaya dab da gilashin fuskata yana kallona da manyan idanunsa, sannan ya juya ya ɗan ciji takalmin ninƙayata. Wanda za ka kiyaye shi ne babban namiji, wanda nauyinsa kan wuce kilo 300, musamman a watannin Yuni da Yuli lokacin haihuwa da barbara. Idan ya yi haushi ko ya fesa kumfa a gabanka, ka ja da baya a hankali.

Malama_Ruwa:
Kada ka raina sanyin ruwan, Malam, domin yakan sauka zuwa digiri 11, saboda haka rigar roba mai kaurin milimita 7 ta zama dole. Kuma dokar Amurka ta 1972 ta hana tsokanar waɗannan dabbobi ko ba su abinci, don haka ka bari su zo da kansu.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai. Zan ɗage tafiyar zuwa Oktoba.