Wane suna za mu ba motar da ake kwana a cikinta?

Madugu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kalma nake nema, kuma na san akwai masu ita a nan. Ina zaune da iyalina a gabashin Faransa, muna shirin fita yawo a dogon hutun makaranta na watan Agusta, mun kuma yanke shawarar hayar irin motar nan da Faransawa ke kira camping-car, Turawan Ingila su ce motorhome, Jamusawa su ce Wohnmobil. Ga wanda bai taɓa ganinta ba: gabanta kan mota ne mai sitiyari da kujeru, bayanta kuwa ɗaki ne. Akwai gadaje, akwai teburin cin abinci da ake saukarwa da dare ya koma gado, ga murhun gas, ga firji, ga famfo, ga ɗan banɗaki da wurin wanka. Injinta a jikinta yake, ba janta ake yi ba.

Hanyar da muka zana ta fara daga Strasbourg, mu bi ta ƙauyukan gonakin inabi na Alsace har Colmar, daga nan mu gangara Dijon da Beaune. Damuwata ita ce yarana suna tsaka da Hausa sai ka ji sun jefo camping-car, ni kuma ba ni da abin da zan ba su a madadinta. Hajiyarmu ma da na kira ta a waya sai da na yi dogon bayani kafin ta gane abin da za mu hau. Me za mu kira ta?

Gwaggon Yara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai wannan ba sai an wahala ba. Mota ce mai gida a cikinta, ka ce motar gida. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Tsohon Direba:
Hajiya, a gafarce ni, wannan suna yana da mai shi. A tasha in aka ce motar gida, ana nufin wadda ba ta haya ba, wadda mutum ya saya don kansa da iyalinsa. In Madugu ya ce wa tsohuwa ya yi hayar motar gida, za ta ɗauka ƙaramar mota ya karɓo a hannun wani. In kuma aka juya aka ce gidan mota, an koma gareji ko wurin dillalai.

Abin da na sani a shekarun da na yi a kan titi, sunan mota daga aikinta yake fitowa. A-kori-kura ta samu sunanta ne don ta ƙwace wa masu tura kura lodinsu. Kiya-kiya daga bakin Yarbawa muka karɓa, saboda saurinta. Adaidaita sahu kuwa sunan shirin gwamnatin Kano ne na zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ya bi keken ya manne masa har yau. To wannan aikinta a kwana a ciki. Ni na ce motar kwana.

Madugu:
Baba Direba, na gode, kuma akwai abin da zai yi maka daɗi. Da yawa daga cikin motocin nan a kan ƙashin Fiat Ducato ake gina su, ita kuwa Ducato ta farko da J5 ɗin da kuke lodin tumatir da albasa mota ɗaya ce, tambari ne ya bambanta. Wato jikanyar J5 ce aka ɗora wa ɗaki.

Malamar Hausa:
Baba, motar kwana tana da daɗin faɗa, amma tana zaune dab da motar kwana-kwana. Mutum ya ji a waya an ce ga yara a cikin motar kwana, kafin a ƙarasa magana hankalinsa ya tafi ga gobara. Ban da haka, kwana rabin aikinta ne. Direban tirela ma yana kwana a motarsa, amma ba a cikinta ake dafa masa abinci ba, ba a cikinta yake wanka ba.

Ni a ganina kalmar tana hannunmu tuntuni, ba mu duba ba ne: tafi-da-gidanka. Mun ba waya ita, mun ce wayar tafi-da-gidanka. Mun ba kotu, mun ba asibiti. A duk waɗannan wuraren aro ne kalmar take yi, don babu wanda ya taɓa tafiya da gidansa saboda ya sa waya a aljihu. Yau ga abin da ake tafiya da gida a cikinsa da gaske, da gado da murhu da bayi, sai mu tsallake kalmar mu je neman wata? Motar tafi-da-gidanka. Ginin ma irin namu ne, irin na faɗi-ka-mutu da a-kori-kura ɗin da Baba ya kawo, inda ake ɗaukar jimla sukutum a mayar da ita suna.

Ɗan Damagaram:
Malama, ban ƙi taki ba, amma ta yi tsawo. Me zai hana mu yi abin da muka saba? Mota kanta aro ce, tirela aro ce, tanka aro ce, babu wanda ya mutu. Mu ce kampinka, shi ke nan. Yaran Madugu ma ba za su sha wuya ba tunda abin da suke faɗa ke nan.

Malamar Hausa:
Yayana, aro ba laifi ba ne, amma duba inda wannan aron zai kai mu. Ku a Nijar daga Faransanci za ku ɗauka, mu a Najeriya daga Ingilishi, sai mu tashi da suna biyu, kamar yadda kuke cewa permi muna cewa lasisi. Waɗancan sun riga sun zauna, ba mai tayar da su. Wannan kuwa sabon abu ne, bai kafu a bakin kowa ba tukuna. Tafi-da-gidanka mutumin Damagaram zai gane ta, na Zariya zai gane ta, na zangon Kumasi ma haka, kuma tsohuwar da ba ta taɓa ganin motar ba za ta ji sunan ta san abin da ake nufi. Kampinka ba ta gaya mata komai.

Maganar tsawo kuma, baki ne zai rage. Ba kowa ke cewa adaidaita sahu cikakke ba, ɗan sahu ake cewa. Mu dai mu aje cikakken sunan, sauran aikin na masu magana ne. Abu biyu kawai zan roƙa. Na ɗaya, kada a taɓa ƙarshen kalmar: ko mace ce ke tuƙi, ko iyali ne gaba ɗaya, tafi-da-gidanka ce, ba tafi-da-gidanki ko tafi-da-gidanmu ba, don ta daskare ta zama suna. Na biyu, jam'i a kan mota yake faɗawa, motocin tafi-da-gidanka.

Ɗan Damagaram:
To in Hausa zalla ake so, ga wata gajeriya: motar zango. Fatake da ayari ai zango-zango suke tafiya.

Madugu:
Yaya, wannan kalmar taka ina son ta ƙwarai, amma ba ga motar ba. Akwai wani abu da ya fi buƙatarta. A Faransa garuruwa da yawa, har ƙananan ƙauyuka, sun ware fili na musamman don waɗannan motoci, suna kiransa aire. A nan kake tsayawa ka cika tankin ruwa mai kyau, ka zubar da ruwan wanke-wanke a magudanar da aka tanada, ka zaro akwatin bayi ka juye a wurinsa, wani wurin ka jona wuta, sannan ka kwana ka wuce da safe. Wannan shi ne zango, babu ragi babu ƙari. Kuma duk tsarin tafiyar a kansa yake, don tankin ruwan irin waɗannan motoci bai cika wuce lita 100 da 'yan kai ba. Gida mai yara, mai alwala sau biyar, ba ya jimawa bai koma neman famfo ba. Saboda haka ba garuruwa na fara zaɓa ba, zanguna na fara dubawa, sannan na ga wane gari ne ke kusa da su.

Kuma tsofaffin garuruwan nan ba a shiga cikinsu da irin wannan mota. Tsakiyar Strasbourg tsibiri ne da kogin Ill ya kewaye, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1988, lungunansa tun kafin a san mota aka yi su. Sai dai ka bar motar a zango a bayan gari, ka hau jirgin ƙasa na cikin gari ka shiga. Ina so yara su tsaya a gindin babbar majami'ar garin, wadda aka gama hasumiyarta a 1439, tsayinta mita 142, su ga abin da magina suka yi da dutse da hannu. Na kuma daidaita ranakun yadda Juma'a za ta same mu a can, mu yi salla a babban masallacin da aka buɗe a 2012.

Na karɓi ta Malama. Har ta warware mini wata matsalar da ban tambaya ba: akwai irin wadda ba ta da inji, ɗaki ne kawai a kan taya da ƙaramar mota ke ja. Ita sai ta zama tirelar tafi-da-gidanka, a bambance su cikin sauƙi.

Almajirin Zaure:
Malam Madugu, tunda gyaran kalmomi ake yi, ka ba ni dama. Ka ce gonakin inabi. Amma a sanina masu wurin da sunan giya suke kiran hanyar nan. Kada mu gyara sunan mota mu kuma lulluɓe sunan wuri, wani ya karanta ya ɗauka lambun 'ya'yan itace ne kawai.

Madugu:
Malam, gaskiyarka, kuma na ji daɗi da ka tayar da ita. Sunan hanyar a Faransanci Route des Vins ne, ma'anarsa hanyar giya. An buɗe ta a 1953, tsawonta wajen kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann, kuma inabin da ake nomawa a wurin na giya ne. Ban ɓoye ba. Abin da ya sa nake cewa yankin gonakin inabi shi ne, abin da ido ke gani ke nan, kuma shi ya kai ni: kunya-kunyar inabi a jikin tsaunukan Vosges, ƙauyuka masu ganuwa irin su Riquewihr da Eguisheim, gidajen katako da aka gina shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Amma in abin sha ake magana, giyar inabi za a ce masa kai tsaye.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne ruwan inabi. 'Yan'uwanmu Kiristoci masu Hausa sun daɗe suna amfani da ita a ma'anar giyar, haka take a fassarar Littafi Mai Tsarki. Musulmi da yawa kuwa in suka ji ta, matsattsen ruwan da bai tsima ba suke ɗauka. Kalma ɗaya, abu biyu. Ni a gidana giyar inabi daban, lemon inabi daban, don yaro ya san abin da zai miƙa wa hannu a kanti da abin da zai bari.

A nan ne ma za ka ga dalilin da ya sa nake son kalmar gida ta fito a sunan motar. Abincin waɗannan yankuna yana da wuya ga Musulmi. A Alsace naman alade ya cika tukunya, a Bourgogne, yankin su Dijon da Beaune, shahararren naman sa da na zakara a cikin giya ake dafa su. Wanda ya sauka a otal kullum yana cikin tambayar me aka sa a ciki. Mu kuwa uwargida za ta sayi nama a shagon halal a babban gari, mu sayi kayan miya a kasuwar ƙauye, mu dafa namu. Ga butarmu, ga dardumarmu, ga labulen da za mu ja. Wannan ne ya sa muka zaɓe ta, ba arha ba, don in ka haɗa kuɗin haya da man dizal da kuɗin hanya ba lallai ta fi otal sauƙi ba.

Akwai wata ƙungiya, France Passion, wadda in ka biya kuɗin shekara manoma ke ba ka wurin kwana kyauta a gonarsu na sa'a 24, ba tilas ka sayi komai ba. Da yawa cikinsu masu yin giya ne, amma akwai masu cuku da zuma da 'ya'yan itace, su na zaɓa. A Beaune kuma abin da nake so yara su gani shi ne tsohon asibitin da Nicolas Rolin, wani babban jami'in Bourgogne na lokacin, da matarsa suka kafa wa talakawa a 1443, mai rufin fale-fale kala-kala, gadajen marasa lafiya na nan jere a babban zauren.

Gwaggon Yara:
Na janye tawa, ta Malama ta fi. Na faɗa wa jikata motar tafi-da-gidanka ban ƙara komai ba, ta ce motar da ake kwana a ciki? Amma ƙanena, yara nawa ke shiga? Kada a cusa su kamar kaya.

Madugu:
Yaya, doka ma ba ta bari. Ba yawan gadaje ake dubawa ba, yawan kujeru masu bel da aka rubuta a takardar motar ake bi, kuma ba a yarda kowa ya kwanta a gado mota na tafiya ba. Yaron da bai kai shekara 10 ba sai da kujerarsa ta yara. Nauyi ma da iyaka: lasisin ƙaramar mota yana tsayawa ne a kilo 3,500, kuma mutane da ruwa da tukunyar gas da kaya duk a ciki ake lissafa su.

Tsohon Direba:
To ni ma na bi. Motar tafi-da-gidanka, wurin tsayawarta zango. Saura ka ji ta direba, ɗana. Kafin ka tayar da ita, tambayi tsayinta ka rubuta a takarda ka manna a gaban sitiyari, don wanda ya saba da ƙaramar mota gefe yake kallo, ba ya kallon sama. Wacce iri ka kama, mai gado a saman kan direba ko marar shi?

Madugu:
Mai gadon sama, Baba, saboda yawanmu. Irinta takan haura mita 3, kuma a manyan hanyoyin Faransa da zarar mota ta kai mita 3 kuɗin shingen hanya yana tashi daga aji na 2 zuwa na 3. Zan tambayi tsayin tun kafin in sa hannu a takardar haya.