Wai da gaske jiki na haɗa irin sinadarin wiwi da kansa?

Mai Gudun Asuba:
Assalamu alaikum jama'a. Gwiwata ta hagu kan yi tsami in na fara gudu, amma da na kai kamar minti 20 sai ta lafa, har in ji wani nishaɗi. Abokina ya ce wai jikina ne ke haɗa sinadarin wiwi. Ni dai na ɗauka zolaya ce.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai kauce sosai ba. Sunan sinadarin anandamide, an gano shi a 1992 a ɗakin binciken masanin kimiyya Raphael Mechoulam da ke birnin Ƙudus. Yakan ƙaru a jini bayan motsa jiki, kuma yana kama wani maƙali a jikin ƙwayoyin jijiya mai suna CB1, inda sinadarin wiwi ma yake kamawa. Abin da ke burge ni, baya yake tafiya: ƙwayar jijiyar da ta karɓi saƙo ita ke sako shi, ya koma wa mai aikowa ya ce a sassauta. Sai zafin ya ragu. Ba ya daɗewa, wani sinadari mai suna FAAH ke rushe shi.

Hajiyar Karatu:
Malam, ka manta ɓangaren tunawa. CB1 na da yawa a hipokampus, wato sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa, shi ya sa mashayin wiwi kan manta maganar da ya fara. A 2002 an gwada ɓerayen da ba su da CB1, aka ga tsoron da suka koya ya ƙi gushewa da wuri.

Mai Gudun Asuba:
Ikon Allah! Amma gwiwar fa, in ci gaba?

Malamin Kimiyya:
Lafawar zafi ba warkewa ba ce. Je likita ya duba ta tukuna.