Yaya za a ce decolonization da Hausa?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum malamai. Ana fassara decolonization da "samun 'yancin kai". Shin hakan ya wadatar?

Malama daga Gusau: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ɗan'uwa. 'Yancin kai rana ɗaya ce, 1 ga Oktoba 1960, da aka sauke tutar Ingila. Kalmar kuwa aiki take nufi, na kwance abin da mulkin mallaka ya ɗaura. Sarauniya ta ci gaba da zama shugabar Najeriya har 1963, fam da sule ba su tafi ba sai 1973 da naira ta zo. A rubutun tarihi, "kawar da mulkin mallaka" ya fi dacewa.

Malamin Jega: Gaskiya ne, Malama. Amma a maganar ilimi ma'anar ta faɗaɗa. Yaro a Gwandu ya iya karanta ajami tsaf, a ce masa jahili don bai yi boko ba. A nan sai a ce "'yantar da tunani". Kuskuren masu fassara shi ne amfani da jimla guda ko'ina.

Ɗan Birnin Kebbi: Kada kuma a haɗa ta da "sabon mulkin mallaka", wato juya ƙasa da bashi bayan Turawa sun tafi.