Yawon Jirgin Ruwa na Alfarma a Tsibiran Tahiti: Abin da Masana Suka Ce

A bayanin masana kan yawon jirgin ruwa a tsibiran Tahiti da ke tekun Fasifik, an fi daɗewa a kan maganar biza. Tsibiran ƙarƙashin Faransa suke, amma bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da ita, ba ta shigar da mutum can. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi wadda aka rubuta wa yankin. Jirgin sama daga Faris kuma yana yada zango a Amurka, don haka ana buƙatar bizar Amurka ko da ba za a fita daga filin jirgi ba. Nan mutane suke asarar kuɗin tikiti.

A sauka Papeete, babban birnin yankin, kwana ɗaya ko biyu kafin jirgin ruwan ya tashi. Tafiyar sama ta wuce awa 20 daga Faris, idan aka makara kuwa jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Mayu zuwa Oktoba ne rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwan sama da zafi suna ƙaruwa. Ƙananan jiragen ruwa irin Paul Gauguin, mai ɗaukar fasinja kimanin 330, su aka fi yabo, domin suna shiga har cikin tafkin da ya kewaye tsibirin Bora Bora. A can jirgi yana tsayawa nesa da gaɓa ne, sai a yi jigila da kwalekwale. Mai jin jiri a teku ya zaɓi zagayen kwana 7 na tsibiran Huahine, Taha'a, Bora Bora da Moorea, ya bar tsibiran Markesas, inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi.

Abincin halal sai an nema tun lokacin biyan kuɗi. A riƙe takalmin shiga ruwa saboda murjani yana yanka ƙafa, da man korar sauro don gudun zazzaɓin dengi.